Karen Da Na Rantse Ba Nawa Ba Ne

Akwai tabo a hannuna na dama, tsakanin babban yatsa da manuni, shatin haƙora huɗu. Jikokina in sun tambaya nakan ce musu ƙusa ce. Wannan ma ƙarya ce, kuma ita ce ta ƙarshe da zan yi a kan wannan magana. Kare ne ya cije ni, karena, kuma da ya tsinke yatsan gaba ɗaya ma da bai zalunce ni ba.

Ni ba malami ba ne. Na yi allo a garinmu, na taɓa ƙananan littattafan tsarki da salla, shi ke nan. Wanda ya karanta wannan ya ga kuskure ya gyara. Abin da ba na so shi ne a gyara mini labarin, a ce ai talauci ne, ai zamani ne. Na ji wannan har na gaji. Ni na ɗauki dutsen, ba zamani ba.

Mun iso Makka ni da matata bayan shekara shida a hanya, mafi yawansu a gonakin auduga na Sudan. Muka sauka a unguwar Hindawiyya. A lokacin bakin gari ce, bukkoki ne na garwa da aka fasa aka shimfiɗa, da tsofaffin buhuna. Da rana ta take, ɗakin ya fi waje zafi. Na samu shiga cikin masu ɗiban ruwa. Aikin shi ne ka rataya garwa biyu a sandar gora, ka cika su a bazan, wato matattarar ruwan unguwa, ka hau bene da su kana neman a ba ka hanya, ka juye a randa, ka sauko ka koma. Muna da shehu, shugaban masu ruwa, shi ke raba gidaje, shi ke ba mutum sanda, shi ke karɓe ta. Ba a ɗibar ruwan sayarwa sai da izininsa.

Karen ya zo mana ne bayan wani ruwan sama, ɗan kwikwiyo mai launin yashi, kunne ɗaya a yage. Ya raɓe bayan akuyoyin matata guda biyu. Na ce ta kore shi. Ta ce, "Malam, kai da ka ga laifinsa ka kore shi mana." Ban kore shi ba. Ta riƙa ba shi ƙanzo da ɗaurayen ƙwaryar nono. Ya girma, ya hana karnukan dutse zuwa kusa da akuyoyin, ya hana ɓeraye sakewa. In na tafi aiki shi ke kwance a ƙofarta. In na dawo kafaɗa na zogi, na zauna a kan buhu, sai ya zo ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata ya yi shiru. Shekara uku muna haka. Ban taɓa sa masa suna ba, fito kawai nake yi ya zo. Yanzu na san dalilin. In na sa masa suna na amsa ke nan cewa nawa ne.

Ga abin da wanda bai zauna a nan ba ba zai gane ba. A garinmu an karantar da mu cewa kare mai rai ba najasa ba ne. In ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, amma ya goge ka da jikinsa bai ɓata maka riga ba. Yawancin gidajen da nake kai wa ruwa kuwa a wata mazhaba suke. A wurinsu yawun kare najasa ce mai nauyi, wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Ban ce sun yi kuskure ba, malamansu malamai ne. Amma ka ga mai ruwa da kare a gida abu ne da ba a faɗa. Duk mu 'yan Hindawiyya mun san wane da wane ke da kare, kuma ba wanda ya taɓa kai maganar cikin gari. Ni kuma garwata ba ta taɓa kwana a ƙasa ba. A ƙusa nake rataye ta, sama da kaina, a kife.

Bayan babban yaƙin duniya, da jiragen ruwa suka dawo da kawo alhazai, shehu ya ba ni wani gida mai hawa biyar inda ake sauke alhazan tsibirin Jawa. Gida ne da kowa ke so. Da shi muka fara cin abinci sau biyu ba tare da tunani ba. Mai kula da gidan, wakilin mai shi, Bahaushe ne haifaffen Makka. Kowa ya san kakarsa tana sayar da ƙosai a unguwarmu har ta rasu. Amma bai taɓa yi mini Hausa ba. In na gaishe shi sai ya amsa da Larabci yana duban wani wuri. Ba ya kirana Alhaji, ba ya kirana Malam. Takaruni yake ce mini, yadda mutanen gari ke ce mana, da irin muryarsu.

Wata safiya karen ya tsinke igiyarsa ya biyo ni. Ban sani ba. Na cika garwa na isa ƙofar gidan, na sauke don in gyara tsumman kafaɗa, sai ga shi ya ɓullo daga lungu yana kaɗa wutsiya, yana ta murna ya same ni. Bai taɓa garwa ba. Na faɗa a lokacin a zuciyata, ina kuma faɗa yanzu, tsakaninsa da garwar ya fi taku uku. Amma alhazai biyar ko shida na zaune a dakali, wakilin yana tsaye a tsakiyarsu.

Ya ce da Larabci, da ƙarfi don su ji, "Takaruni, wannan karen naka ne?"

Na ce ba nawa ba ne.

Ya ce, "Yana maka wutsiya."

Na ce, "Wallahi ba nawa ba ne. Wallahi ban san shi ba. Wallahi." Sau uku na ambaci sunan Allah. Daga inda nake tsaye ana hango hasumiyar Harami.

Sai ya matso kusa da ni ya rage murya. Ranar ce ya fara yi mini Hausa, Hausa mai kyau, irin ta kakarsa. Ya ce, "To, Alhaji, kore shi mu gani."

Akwai tsakuwa a wurin. Akwai ɓawon kankana. Da tsawa kaɗai na yi masa da ya tafi. Na sunkuya na tsallake duk waɗannan na ɗauki dutsen da ake tokare ƙofa da shi, wanda sai da hannu biyu. Karen hanya in ya ga mutum ya sunkuya gudu yake yi. Shi bai gudu ba, don ban taɓa jifarsa ba. Ya ɗauka wasa ne, har ya sauke ƙirjinsa ƙasa yana jira. Dutsen ya same shi a ƙafar baya ta hagu. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji kukansa.

Ɗaya daga cikin alhazan, wani tsoho, ya kau da kai. Wakilin ya yi dariya kaɗan, sannan ya sa ƙafa ya ture garwata guda, ya ce in zubar da duka biyun in koma in wanko su, don ba a sani ba. Ka ji. Ashe ko na yi jifa ko ban yi ba, zubarwa zan yi. So yake kawai ya ga zan iya. Na iya. Na zubar, na wanko, na hau hawa biyar, na juye a randa, na ce masa na gode.

Har yau in na tuna mutumin nan ƙirjina zafi yake. Ya rasu da daɗewa, na je jana'izarsa, na yi ƙoƙarin in yafe masa a kan sahu, bakina ya faɗa, zuciyata ta ƙi. Amma shi magana ya yi. Bai kama hannuna ba.

Karen ya iso gida bayan la'asar, yana jan ƙafar. Ƙashi ya huda fata. Matata ta durƙusa a kansa ta ce me ya same shi. Na ce mota ce, irin manyan motocin nan na alhazai. Ta dube ni, ta mayar da idonta kan ƙafar.

Sai na shiga yi masa magani irin nawa. Na ɗaure da tsumma. Ya kumbura, na kwance na barbaɗa toka. A kwana na biyar tsutsa ta shiga. Wani maƙwabci ya ce kananzir ke kashe ta, sai na tuttula masa kananzir a kan ɗanyen nama. Kukan da ya yi ya sa akuyoyi suka tsinke igiya. Tsutsar sama ta mutu, ta ciki tana nan. Ya daina ci. Bukkar ta cika da ɗoyi. Kwana tara ina wannan wauta, kuma duk kwana taran nan na san inda ake maganin dabba.

A hanyar da ta fita wajen Rusaifa, wadda a lokacin fili ne da duwatsu, akwai wata rumfa da kwamin ruwa a gabanta. Wani bawan Allah da ya rasu tun kafin mu zo ya bar wakafi, ya ce a riƙa yi wa dabbobin talakawa magani kyauta, jakunan masu dako da raƙuman da suka gaza a hanya. Mai aikin wani tsoho ne mutumin Yaman, baitari ake ce masa, wato likitan dabbobi. Gemunsa ja da lalle, hannuwansa baƙi ƙirin da kwaltar da yake shafa wa raƙuma masu ƙazuwa. Yana buɗewa da hantsi ya tashi kafin azahar, don ya ce ba ya taɓa ciwo sai idonsa na gani. Ba ya karɓar ko dabino. Abin da ya hana ni zuwa shi ne layin da ke gaban rumfar. Masu jakuna ne, rabinsu masu ruwa.

A kwana na goma na sa karen a buhu na zaga ta bayan duwatsu. Ina isa na ga abin da nake tsoro. Shehunmu na tsaye a layi da jakinsa, wanda sirdi ya yi wa gyambo a baya. Na so in juya, tsohon ya riga ya gan ni.

Ya ce, "Ya hajji, buhunka yana numfashi. Buɗe."

Na buɗe. Mutane suka ja da baya saboda wari. Shi ya tsuguna, ya dubi ƙafar, ya shinshina, ya dube ni.

"Wane jaki ne ya zuba masa kananzir?"

Masu jakuna suka yi dariya, wani ya ce kada a ɓata wa jakuna suna. Na ce haka na tsince shi.

Ya ce, "Na wa ne?"

Shehu yana nan, taku biyar daga inda nake, yana sosa wuyan jakinsa. Na kira tsohon baffa da Larabci, na ce, "Na hanya ne, ya ammi. Tausayi ya ba ni."

Tsohon ya miƙe tsaye. Ya ce, "To mayar wa hanya abinta."

Na ce ai na ji wakafi ne, ba a korar kowa.

Ya ce, "Ba a korar kowa, shi ya sa nake tambaya. Wannan ƙafa in na gyara ta yau, sai an kawo mini shi kullum har kwana ashirin. Sai an ɗura masa romo. Sai wani ya riƙe kansa ina aiki, wanda ya san warinsa. Hanya za ta yi wannan? Masu tausayi irinka suna kawo mini su ajiye, gobe ba a ganinsu. In buɗe ciwo in bar wa ƙuda? Ba na fara abin da ba mai ƙarasawa. In yana da mai shi, mai shi ya faɗa."

Karen ya fito da kansa daga buhu ya ɗora haɓa a kan ƙafata. Kowa ya gani. Na janye ƙafar. Na ɗaure buhun na sa a kafaɗa na tafi, ina jin haushin tsohon, ina ce masa mai taurin kai a zuciyata. Dubi inda na kai haushina.

Da na koma gida na ce wa matata baitari ya ce ba ya duba karnuka. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Malam, ba mota ba ce."

Na ce me take nufi.

Ta ce, "Tun ranar da ya dawo, in ka sunkuya ɗaukar buta sai ya ja jiki ya shige bayan akuya. Ni ina sunkuyawa a kansa sau ashirin, ba ya motsi. Mota ba ta sunkuyawa."

Na yi mata faɗa. Na ce da ruwan gidan nan take cin tuwon da take tankaɗe garinsa. Na ce in shehu ya karɓe sandata ta dafa karen mu ci. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ni dai na bi ka shekara shida a ƙasa don a kawo ni inda ake tsoron Allah."

Kwana biyu na ƙara. Ina so a rubuta wannan da kyau. Bayan na ji maganar tsohon, bayan na ji ta matata, na tashi na tafi ɗiban ruwa kwana biyu cur, ina hawa bene ina neman hanya, ina gaida wakili. Ina fata in dawo in tarar karen ya mutu, magana ta ƙare ba tare da na ce komai ba. Bai mutu ba.

A safiya ta uku na fito da sandata sai na ga matata ta naɗe shi a tsohon zaninta ta rungume, ta kama hanya. Mace da ba ta jin Larabci sai na cefane. Na bi ta na tare ta a bakin lungu. Ta ce in matsa. Na ajiye sanda da garwa a ƙasa, na farko ke nan da garwata ta taɓa ƙasar unguwa, na karɓe shi daga hannunta. Ban zaga ta bayan duwatsu ba. Ba jarumta ba ce, nauyinsa da warinsa ne suka sa na bi gajeriyar hanya.

Shehu yana nan, don jakinsa ma kullum ake wanke masa gyambo. Tsohon ya dubi zanin ya dube ni.

"Na wa ne?"

Na ce, "Nawa ne."

Ya sa hannu a bayan kunne. "Na tsufa, ya hajji."

Na san yana ji sarai. Na ɗaga murya na ce nawa ne, shekara uku yana gidana, kuma ni na karya shi da dutse.

Wani mai jaki ya ce, "Jiya na hanya, yau ya samu uba." Aka yi dariya. Shehu bai yi ba.

Tsohon ya kwance zanin. Ya daɗe yana dubawa, yana latsa sama da ciwon. Naman ya yi baƙi har kusa da gwiwa. Ya ce, "Kwana uku da suka wuce da ka ce naka ne, da na ciccire tsutsa na ɗaure da sandar dabino, da ya taka da ita ko da ɗingishi. Yau sai yanka." Bai ɗaga murya ba. Ya juya ya sa ƙarfe a wuta.

Ya ɗaure bakin karen da tsumma, ya ce in zauna a ƙasa in sa kansa a cinyata in rufe masa ido da hannu, in yi ta yi masa irin maganar da na saba. Ban saba yi masa magana ba, sai na yi ta fito a hankali. Mutum biyu suka danne jikin. Ba zan bayyana yankan ba. Ya yi sauri, wannan zan iya faɗa. Da ya ɗora jan ƙarfen don tsayar da jini, tsumman ya zame, karen ya kama hannuna ya datse. Wani ya ɗaga sanda. Tsohon ya ce, "Bar shi. Tsakaninsu ne." Ban janye hannun ba sai da ya saki da kansa.

Ya wanke dungun da wani ruwa mai launin shuni, ya shafa kwalta a gefe don ƙuda, ya naɗe da farin ƙyalle mai tsabta, irin wanda ni kaina ban mallaka ba. Ya wanke nawa hannun da ruwan nan, ya ɗaure da ragowar ƙyallen.

Abin da ya biyo baya shi ya fi yankan tsaya mini a rai. Tsohon ya koma gefen kwami, ya tuɓe rigarsa ta sama da yawu da jini suka ɓata, ya miƙo mini buta. Ya ce, "Kai mai ruwa ne, ko? Zuba." Ya ɗebi ƙasa ya cuɗa hannuwansa har gwiwar hannu, na zuba. Ya ce ɗaya. Na sake zubawa, ya ce biyu. Har bakwai. Sannan ya yi wa rigar haka.

Sai a lokacin na gane. Mutumin nan mazhabarsa ɗaya da ta alhazan da na yi jifa don su. A wurinsa kare najasa ce mai nauyi, da gaske, ba don idon mutane ba. Ya sa hannunsa cikin ruɓaɓɓen naman kare, ya bar yawu ya zuba masa, ya san wankin da ke jiransa kafin ya yi azahar. Ni da aka karantar da ni cewa dabbar nan ba ta ɓata ko riga, ni na fasa mata ƙashi don a ce ni mai tsarki ne.

Kwana ashirin ina kai shi. Kwana ashirin tsohon yana kwancewa, yana wankewa, yana naɗewa, sannan ya miƙo mini buta ya ƙirga bakwai. Bai taɓa tsallake ɗaya ba, bai taɓa yin tsaki ba. Ya koya wa matata, ta bakina, yadda za ta dafa ƙashi ta ɗura romon da cokali, da yadda za ta gane in dungun ya fara zafi. Ran nan na kawo masa nonon akuya a ƙwarya. Ya karɓa ya ce madalla, ya juye wa karen a gabana. Ya ce, "Wanda ya bar wakafin ya riga ya biya. Kai dai kawo shi gobe." Na ce to ya gaya mini sunan mai wakafin in yi masa addu'a. Ya ce, "Yi kawai, za ta same shi."

Shehu ya kira ni a kwana na huɗu, a gindin bangon bazan, gaban 'yan'uwana masu ruwa. Na zo da hujjata a shirye. Zan ce garwata a ƙusa take kwana, zan ce a mazhabarmu kaza da kaza. Bai bar ni na fara ba.

Ya ce, "Ba maganar kare nake ba. Rabin mutanen nan suna da karnuka, na sani. An gaya mini ka rantse sau uku a ƙofar gidan mutane. Haka ne?"

Na ce haka ne.

Ya ce, "Mu abin da muke sayarwa ba a ganin cikinsa. Mace tana bayan ƙofa, ta ce garwar da tsabta, ka ce da tsabta, ta yi alwala ta ba 'ya'yanta. Maganarka kawai take sha. Ajiye sandar."

Na ajiye. Na so in ji haushinsa, na nema ban samu ba. Wakilin kuwa yana nan a gidansa, aka ba shi wani mai ruwan, bai rasa ko kofi ɗaya ba. Wannan kam na samu haushinsa, har yau ina da shi.

Na je wurin wani malaminmu na ce a gaya mini kaffarar rantsuwata, ko azumi ne ko ciyarwa, in yi in huta. Ya ce rantsuwar da mutum ya yi yana sane ƙarya yake, a kan abin da ya riga ya sani, ba ta da kaffara, sai tuba. Na fito raina a ɓace. Ashe so nake a yanka mini abin da zan biya in wuce.

Wata biyu muka sha wuya. Aka sayar da akuya ɗaya. Daga baya wani dillalin tumaki ya ɗauke ni kiwo a filayen da ke wajen Muzdalifa, inda ba kowa sai lokacin aikin Hajji. Ya ga karen ya ce me zai yi da mai ƙafa uku. Na ce nawa ne, tare muke. Karen ya warke sumul. Yana tsalle-tsalle a bayan tumaki, yana haushi in ya ji kyarkeci, ya yi ƙiba har matata na yi masa tsiya. Da yamma ya dawo da ɗora haɓa a kan ƙafata. Shekara biyar ya ƙara.

Rumfar baitari babu ita yanzu. Da motoci suka kori jakuna aka rushe ta, tsohon ma ya rasu ba a sanar da mu ba, sai bayan wata guda na ji a bakin wani mai dako. Gari cike da masu wa'azin tausayi, ba wanda ya taɓa ambatonsa a kan mumbari. Jakuna nawa ya tayar, gidaje nawa suka ci abinci saboda hannun nan baƙi, ba wanda ya ƙirga. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, shi da mai wakafin da ban san sunansa ba. Allah Ya saka musu, Ya wanke su kamar yadda suka wanke abin da ba su suka ɓata ba.

Abu ɗaya ne tsohon bai iya gyarawa ba. A filin kiwo ni kaɗai nake salla, karen na kwance a gefe a inuwar dutse. In na yi kabbara yana nan. In ina karatu yana nan, har da lumshe ido. Da na sunkuya ruku'u sai in ji ya zabura, in ji ƙarar ƙafa uku a kan tsakuwa yana neman nesa da ni. Sai na sallame na yi fito yake dawowa, a hankali, yana duban hannuna. Salla biyar a rana, shekara biyar. Na gwada yin salla nesa da shi, na gwada juya masa baya, na gwada riƙe ƙashi a hannu ina sunkuyawa a hankali a gabansa. Har ya mutu bai daina ba. Ni ma har yau in na sunkuya ruku'u, ko a cikin Harami ne, a tsakiyar sahu, kunnena yana jiran ƙarar nan.